Mai Tafiya Cikin Duhu

Ina gaishe da mutanen Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, da na Tsarnawa da Badagishiri da Galmi, da duk wanda wannan murya ta iske, ko yana zaune a zaure, ko a rumfar kasuwa, ko yana bakin garkarsa ta albasa yana jiran ruwa ya cika fangali. Iyayenmu mata da ke cikin gida, sannunku da aiki. Malamanmu, Allah ya gafarta muku.

Zancenmu na yau daga kalma ɗaya zai tashi. Kalmar ta mutanen Ingila ce, suna cewa temerity. Faransawa, waɗanda harshensu ya fi sabawa da kunnenmu a wannan ƙasa tun daga lakkwal, suna da ƴar'uwarta, témérité, mai halin kuwa su ce masa téméraire. Abin da suke nufi shi ne ƙarfin halin da ya ƙetare haddi, wato mutum ya afka wa abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da ya auna ba. Mu a Hausa ganganci muke cewa.

Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, me ya haɗa mu da kalmar Nasara, alhali namu harshen bai rasa abin faɗa ba? Tambayar tana bisa hanya. Amsata ita ce, malaman lugga, tun daga na Basra da Kufa har zuwa waɗanda suka karantar da kakanninmu a Sakkwato da Agadas, ba su ɗauki ilimin ishtiƙaƙi, wato bin kalma zuwa tushenta, abin wasa ba, domin sun lura cewa mutanen farko, sa'ad da suke raɗa wa wani hali suna, sukan saka hukuncinsu a kan halin nan a cikin sunan, sa'an nan zamani ya yi tsawo, a yi ta furta sunan, a manta da hukuncin. Hikima kuwa kayan mumini ce da ya ɓace, duk inda ya tsince ta ya ɗauka, ko da a bakin wanda ba addininsu ɗaya ba.

To, ga tushen. Ingilishi da Faransanci duka sun aro kalmar ne daga Latin, harshen Rumawan dā, inda ake cewa temeritas, kuma ta shiga rubutun mutanen Ingila wajen ƙarni na 15. Ita kuma temeritas daga wata ƙaramar kalma ta fito, temere, wadda Rumawa kan faɗa idan mutum ya aikata abu a makance, ba shiri, ba dalili, ya dai jefa ne ko a dace. Da masana harsuna suka ƙara tono, sai suka tarar ma'anar temere ta asali ita ce: cikin duhu. Hujjarsu kuwa dangin kalmar ne da suka warwatsu cikin duniya. A Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya, tamas duhu ne. Kalmar duhu a harshen Rasha daga wannan tushe take. Har ténèbres ɗin da yaranmu ke haddacewa a aji, mai nufin duhu mai tsanani, ƴar gidan ce.

Ku riƙe wannan, jama'a, domin a kansa duk zancenmu zai zagaya. Mutanen da suka ƙaga kalmar ba su ce mai ganganci yana da zuciya fiye da ta kowa ba. Cewa suka yi yana tafiya cikin duhu. Jarumi yana gani, sa'an nan ya shiga. Mai ganganci yana shiga, sa'an nan ya gani, in ma an bar shi da idon gani.

Yanzu mu dawo gida, mu ji abin da harshenmu ya ce. Bahaushe bai haɗa halin nan a ƙunshi ɗaya ba, ya rarraba shi, kowane kashi da sunansa. Akwai ganganci, na wanda ke wasa da rai. Akwai karambani, na wanda ke sa kansa cikin abin da bai iya ba kuma ba a kira shi ba, shi ne ake cewa karambanin akuya, gai da kura. Akwai tsaurin ido, na yaron da bai san ya sunkuyar da kai gaban na gaba da shi ba. Akwai wuce gona da iri, wanda manomi ne ya ba mu shi, domin shi ya san cewa irin da aka shuka bayan an wuce iyaka, ko ya tsiro, ba naka ba ne. Ko ƙarfin hali kansa, da muke yabon mutum da shi, mun san yana da fuska biyu, tun da mu ne muka ce ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kakanninmu da ba su taɓa jin Latin ba sun iso daidai inda Rumawa suka iso, ta tasu hanyar, ranar da suka ce rashin sani ya fi dare duhu, suka kuma ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Mu juya wajen malamai. A Larabci sunan halin nan tahawwur. Tushen kalmar shi ake amfani da shi ga gaɓar da ruwa ya cinye ƙarƙashinta, samanta yana nan daram kamar abin ƙwarai, sai an taka ta rufta da mai takawa. Duk wanda ya taɓa bin bakin Majiya bayan damina, ko kwarin Badagishiri, ya ga irin wannan gaɓa da idonsa. Imamul Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa Allah ya halicci ƙarfin fushi a cikin ɗan Adam domin ya kare kansa da addininsa da iyalinsa, kuma idan ƙarfin nan ya tsaya daidai, yana bin umurnin hankali da shari'a, sunansa shaja'a, wato jarumta. Idan ya gaza, sunansa jubnu, wato ragwanci. Idan kuwa ya zarce ya tsinke linzami, shi ne tahawwur. Kafin shi Ibnu Miskawaihi ya yi irin wannan rabo a cikin Tahzibul Akhlaƙ. A wurin waɗannan malamai, rago da mai ganganci duka marasa lafiya ne, duka suna bukatar magani. Mu ne a tsakaninmu muka ware ɗaya muke yi masa dariya, muka ware ɗayan muke yi masa kirari.

Ga misali daga tarihin Musulunci, wanda almajirai suka sani. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Musulmi dubu uku suka gamu da rundunar Rumawa wadda ta ninka su ninki ba ninki. Shugabanni uku suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya: Zaidu ɗan Harisa, da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, da Abdullahi ɗan Rawaha, Allah ya yarda da su. Da tuta ta koma hannun Halidu ɗan Walidu, wanda babu mai shakkar zuciyarsa, sai ya dubi fagen fama, ya auna, ya sake jera mutane, ya janye su da dabara har ya fitar da su. Da suka iso Madina wasu suka tarye su da gori, suna kiransu maguda, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore musu wannan suna, kuma a kan wannan yaƙi ne ya kira Halidu takobi daga takubban Allah. Ashe akwai ranar da ja da baya shi ne jarumta. Halidu ya gani, shi ya sa bai ƙarar da bayin Allah a banza ba.

Faransawa ma suna da nasu mutumin da kalmar ta manne wa, har ta zama sunansa. Waɗanda suka yi karatun tarihi a makaranta za su tuna Charles le Téméraire, sarkin ƙasar Burgoni. Kakan ubansa ana yi masa laƙabi da Hardi, wato mai ƙarfin zuciya. Kakansa kuwa Jean sans Peur, wato wanda bai san tsoro ba. Gida ne na maza. Shi Charles ya gaji dukiya da sojoji irin waɗanda sarakunan Turai kaɗan ne ke da su, amma bai gaji sauraron shawara ba. A shekarar 1476 mutanen Suwis suka karya rundunarsa a Grandson, ba a yi wata huɗu ba suka sake karya ta a Morat. Maimakon ya zauna ya yi jinya, sai ya ɗebi ragowar ya tafi ya kewaye birnin Nansi cikin tsakiyar sanyi, fadawansa suna roƙonsa ya janye, ya ƙi. Ranar 5 ga Janairu, 1477, aka kashe shi, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara, da ƙyar aka gane shi. Ƙasarsa kuma aka yayyaga ta. Har yau mutanen Ingila suna kiransa da kalmar da ke nufin jarumi, Faransawa kuwa, da suka fi kusa da ɓarnar, suna kiransa mai ganganci.

To, jama'a, ba sai mun tsaya a Turai ba. Mafi munin ganganci da wannan ƙasa tamu ta gani, a ƙofar gidanmu aka yi shi, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe.

A farkon shekarar 1899 wata runduna ta Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Umurnin da aka ba su shi ne su kai tafkin Chadi, su haɗu da wasu rundunoni biyu, ɗaya mai zuwa daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. Voulet ya riga ya yi suna tun da ya ci Wagadugu a 1896. Chanoine kuwa ɗan janar ne, ubansa ya riƙe ministan yaƙi a Faris. Samari ne masu ji da kansu, ga bindigogin zamani, ga igwa, ga tarin sojoji baƙar fata da aka ɗebo daga yamma, ga ƴan dako da aka kamo da ƙarfi. Abin da ba su da shi shi ne sanin ƙasar. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yuni na 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta ba Ingila, ta bar wa Faransa hanyar arewa inda rijiyoyi ke da nisa da juna, kuma runduna mai bakuna da yawa haka ba ta iya rayuwa a kan wannan hanya. Mai hankali da ya ga haka sai ya rage jama'a, ko ya tsaya ya aika a sake shawara. Su kuwa sai suka zaɓi su ci da wuta, su sha da takobi. Garin da ya yi jinkirin ba da hatsi a ƙone shi. Jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi.

Cikin watan Afrilu suka isa Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da baka da kibiya, suka yi musu ɓarna, sa'an nan suka shige kurmi. Daga nan rundunar ta ƙetara cikin yankin da takarda ta ce na Ingila ne, ba tare da izini ba. Cikin watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni. Ba zan tsawaita a kan abin da ya faru ba, domin jikokin waɗanda aka kashe suna cikin masu sauraro na, kuma sun fi ni sanin zafinsa. An karkashe maza da mata da yara, an ƙone gari, an zuba gawawwaki a ramuka da rijiyoyi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya karɓi shahadarsu.

A nan dole in tsaya in gyara wani abu, kada a fahimce ni a karkace. Abin da aka yi wa Ƙonni sunansa zalunci da ɗagawa da fasadi a bayan ƙasa, kuma kalmar ganganci ta yi masa kaɗan ƙwarai. Amma ganganci shi ne ƙofar da zaluncin ya shigo ta cikinta, domin mutumin da ya saba taka abin da bai gani ba, ba ya daɗewa sai ya fara taka mutane. Akwai kuma wanda zai tambaya, to su mutanen Lugu da na Ƙonni fa, da suka fuskanci harsashi da kibiya, ba ganganci suka yi ba? A ganina ba su yi ba. Su ba su tafi neman kowa ba, iske su aka yi a gida, kuma sun san sarai abin da ke gabansu da abin da ke bayansu, wato matansu da ƴaƴansu da rumbunansu. Wanda ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru ya tsaya saboda haƙƙin da ya rataya a wuyansa, da ido biyu ya tsaya. Wannan ita ce shaja'ar da malamai suka siffanta.

Ku saurari ƙarshen labarin. Wani hafsa da aka kora daga rundunar, Laftana Peteau, ya rubuta wasiƙa yana ba da labarin ta'asar, wasiƙar ta kai hannun hukuma a Faris. Aka aiko Kanar Klobb da ƴan sojoji kaɗan ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Bai sha wahalar gane hanya ba, toka da gawa suka yi masa jagora. Ranar 14 ga Yuli, 1899, ranar da Faransawa ke bikin ƙasarsu, ya cim ma Voulet a Dankori, kusa da Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi. Voulet ya sa aka harbe shi. Sa'an nan ya tara hafsoshinsa ya shaida musu cewa shi ya fita daga Faransa, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa da waɗannan sojoji. Ya lissafa bindigoginsa, ya lissafa harsashinsa, bai lissafa abin da ke cikin zukatan masu riƙe da bindigogin ba, mutanen da suka baro iyalansu a Segu da Bandiagara da sauran garuruwan yamma, waɗanda suka gane cewa daular nan ma'anarta ba za su ƙara ganin gida ba. Ranar 16 ga wata suka kashe Chanoine. Washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Damagaram. Daular da ya yi shela ba ta cika kwana huɗu ba.

Jarumi yana gani, sa'an nan ya shiga. Voulet kuwa ya ratsa ƙasarmu wata da watanni da rana tsaka, amma cikin duhu ya yi tafiyar.

Yanzu bari mu sauko zamaninmu, mu dubi kanmu. Zan fara da wanda nake ganin ya fi cancanta a kira shi namiji a ƙasar Adar, ko da yake ba a yi masa kiɗa: mai yasar rijiya. Ku dube shi ranar da aka kira shi ga tsohuwar rijiya mai gaba da yawa, wadda aka daɗe ba a shiga ba. Ba ya tuɓe riga ya faɗa. Yakan ɗaure ƴar fitila da igiya ya zura a hankali, yana leƙe. In wutar ta mutu kafin ta kai ƙasa, ya san iskar ciki ba ta shaƙuwa, sai a yi ta zura ganye ko tsohuwar tabarma ana ja ana saki har iska ta sauya. Ya murza igiyarsa taku-taku yana neman inda ta ci. Ya zaɓi ƙarfafa biyu ko uku ya tsayar a baki, ya gaya musu in ya girgiza igiya kaza a jawo shi ba tambaya. Sa'an nan ya yi bisimilla ya sauka inda ni da ku ba mu iya sauka. Wa zai ce wannan rago ne?

Ku kwatanta shi da yaron da ke ɗauko mai daga Illela ta Nijeriya cikin dare, abin da muke kira ruwa-ruwa. Jarkoki a dama, jarkoki a hagu, wasu a baya sun fi kansa tsawo, wata a kan tanki tsakanin cinyoyinsa, murfin an toshe shi da leda, mai yana tsattsafowa yana sauka kusa da salansa mai zafi. Ya kashe fitilar babur don kada a hango shi. Ya murɗe totur cikin yashi da kututture, a hanyar da shanu ke kwana. Wannan ko ba a fassara masa Latin ba, ya aikata ma'anar kalmar da jikinsa. Ban jahilci abin da ya fitar da shi ba. Babu ce, da rashin aikin yi, da uwa mai jiran cefane, kuma tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023 ribar ta ragu, sai ya ƙara jarka don ya cike giɓi. Ina tausayinsa matuƙa. Amma raina yana ɓaci idan na ji abokansa a majalisa suna zuga shi, suna ce masa namijin duniya, domin ranar da wuta ta tashi, masu kirarin nan ba su ne za su kwana a likita suna yi masa fifita ba.

Mun kuma ji abin da ya faru a Yamai cikin watan Mayu na 2019, kusa da filin jirgin sama, sa'ad da tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru da bokitai suna kwasa, wuta ta kama, fiye da mutum 50 suka rasu nan take, wasu suka cika daga baya. Allah ya gafarta musu. Da yawansu talauci ne ya kai su, kuma da yawansu ba su san cewa tururin fetur, wanda ido ba ya gani, shi ke kama wuta tun kafin a taɓa man ba. Tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda ya san wannan a cikinku, wajibi ne ya gaya wa wanda bai sani ba.

Sai dai akwai ganganci iri biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai mai caca da ransa, akwai mai caca da ran wasu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mace da goyo, ya ce sai ya wuce motar siminti ta Malbaza a kan kwana, bai ga abin da ke tahowa ba. Direban da ya yi lodi ranar kasuwa har mutane suna reto a bisa kaya, ya san birkinsa ba ya ci. Waɗannan amana aka ba su. Mu mutanen jihar Tawa mun san bida, kakanninmu sun taka har Kumasi da Abijan, iyayenmu sun je Libiya, kuma da guminsu aka gina gidaje da masallatai da yawa a garuruwanmu. Ba na kiran bida ganganci, domin mai bida na ƙwarai yakan tambayi hanya, ya san wanda zai sauka wurinsa, ya tanadi guzuri. Amma ku tuna watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yaran nan ba su zaɓi kome ba. Alhakin yana wuyan waɗanda suka karɓi kuɗi suka shiga da su sahara cikin motocin da ba su da lafiya.

Saura magana ɗaya, wadda na san tana bakin mutane da yawa. Za a ce, ai kome ƙaddara ce, wanda kwanansa bai ƙare ba ko cikin wuta ya shiga zai fito, wanda ya ƙare ko a kan gado yake zai tafi. Wannan gaskiya ne, kuma imani da ƙaddara rukuni ne, ba mai jayayya da shi. Amma malamai sun rarrabe tsakanin tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an riƙi sababi, da tawakuli, wato sakaci da aka lulluɓe da rigar addini. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Shi kansa fiyayyen halitta, wanda babu mai kai shi yaƙini, da zai yi hijira sai da ya ɗauki jagora masanin hanya, ya fita ta kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. Ranar Uhudu sulke biyu ya sa. Alƙur'ani mai girma kuma, a cikin Suratul Baƙara, ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. In wanda wahayi ke sauko masa ya sa sulke, ban ga dalilin da zai sa ɗan kabu-kabu ya ji kunyar hular kwano ba.

Na faɗa, zan sake faɗa, domin rediyo ba a komawa baya a karanta. Jarumi yana gani, sa'an nan ya shiga. Mai ganganci yana shiga cikin duhu.

Jama'a masu sauraro, ga roƙona gare ku kafin mu rabu. Iyaye mata, in ɗanku ya shigo da kuɗin da kuka san da kasadar dare ya samo su, ku sa masa albarka, amma ku zaunar da shi ku tambaye shi yadda ya yi tafiyar. Limamanmu, ku sa zancen tankar mai da lodin ranar kasuwa cikin huɗuba, mutane suna jin maganarku. Makaɗa da maroƙa, ku nemo masu yasar rijiya da ungozomomi da direbobin da suka tsufa ba su taɓa kashe kowa ba, ku yi musu waƙa su ma. Ku kuma samarin Ƙonni, akwai tsofaffi a unguwanninku da suka ji labarin shekarar 1899 daga bakin kakanninsu. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su, ku ɗauka a wayoyinku tun suna raye. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya mayar da na bida gida lafiya.